Sunayen da ke Cikin Gwangwani

Misfala, Makka
9 ga Muharram, 1373

Zuwa ga Yaya Mukhtaru a Bur Sudan,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya Sa'adatu da yara? Yaya ƙafar nan taka da buhu ya faɗo wa a tashar jirgi? Mu dai alhamdu lillahi. Alhazai sun watse, Misfala ta koma tamu, sai zafi da bai sake mu ba. Gidanka yana nan lafiya. Ƙofar bayan nan da ka ce za ka gyara tun shekara uku ita ma tana gaishe ka.

Abin da ya sa na rubuto, baƙo ne ya rage mini a ƙaramin ɗakin da ke kusa da zaure. Tare da alhazan Turkiyya aka kawo shi, su suka tafi shi ya zauna. Sunansa Bakir. Fari ne sol, idanunsa kamar na mage, zai yi shekara hamsin da wani abu, yana kuma fama da tari. Larabcinsa bai wuce na salla da "shukran" ba. Ba ya neman abinci sai na miƙa masa, amma kunun gyaɗata bai taɓa dawo da shi ba.

Kullum bayan asuba sai ya taka da ƙafa har Tan'im, ya ɗauro harami, ya zo ya yi umra, ya dawo wajen azahar. Kansa ya sha aska har wanzami ya rasa abin askewa. Da fari na ce bawan Allah ne mai son lada. To shekaranjiya na shiga share ɗakin, tsintsiya ta ture wasu gwangwanayen shayi guda biyu. Cike suke da ƙananan takardu a nannaɗe kamar laya. Ka san Baba, mahaifinka da ya riƙe ni, bai bar ni da jahilci ba, sai na warware kaɗan. Baƙaƙen irin namu ne, amma yaren ba Larabci ba ne, ba Hausa ba. Abin da na iya karantawa sunaye ne: wane ɗan wance, wance 'yar wance. Kowa da sunan uwarsa.

Yaya, ni da kai mun san wanda yake tambayar sunan uwar mutum. Boka ne, ko mai kai wa boka aiki.

Jiya da la'asar kuma ya nuna rigar marigayi Dawuda da ke rataye, ya tambayi sunansa, na faɗa. Sai ya ce, "Ummuhu?" Wato uwarsa fa. Bakina ya riga hankalina, na faɗi sunan surukata. A gabana ya rubuta. Mijina shekara huɗu a ƙasa, me wani zai yi da sunansa?

Tsoro nake ji, gaskiya. Idan mudawwa, masu sandar nan da ke kora mutane salla, suka ji an sami layu a gidan Takari, ba wanda zai tsaya jin ta bakina, ga takarduna ba su cika ba. Da ma Allah ya raba ni da gwangwanayen nan in huta.

Taubashiyarka,
Ramlatu


Bur Sudan
24 ga Muharram, 1373

Zuwa ga Ramlatu,

Bayan gaisuwa, muna lafiya. Ƙafa ta yi sauƙi, na koma aiki. Sa'adatu tana gaishe ki. Ki gaya wa ƙofa ina amsawa, ta ƙara haƙuri.

Takardarki ta same ni ranar Juma'a, kuma ban ji daɗinta ba. Ke dai tun muna yara bakinki ba shi da murfi. Mutum ya faɗo daga inda ba a sani ba, ya ce sunan uwar mijinki, ki miƙa masa kamar ya roƙi ruwa?

Ina ganin irinsu a nan bakin teku. Tun da aka gama yaƙin Jamus duniya ta cika da mutanen da ba a san asalinsu ba, kowa da abin da ya ɓoye a ƙunshinsa. Mai umra kullum bai burge ni ba. Wanda zai yi mugun aiki a Makka ai da harami zai rufe shi.

Gidan nan shi ne abin da mahaifina ya bari, da ƙafa ya zo daga Kano ya kafa shi. Ke ma nan ne rufin asirinki. Ba zan zauna a raba mu da shi saboda baƙon da ko yarensa ba mu ji ba. Kin ce da ma a raba ki da gwangwanayen, to na ji. Wannan ba aikin mace ba ne, kada ki sake taɓa su. Na rubuta wa Wada, ɗan Inna Mairama na Nakkasa, na ce ya je ya ƙone su ƙurmus da bismilla, ya kuma ba mutumin kwana bakwai ya nemi wani wuri. Halas.

Ki riƙa karanta Falaƙi da Nasi safe da yamma.

Yayanki,
Mukhtaru


Misfala, Makka
26 ga Muharram, 1373

Yaya Mukhtaru,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Har yau ban ji daga gare ka ba, na kuwa gode Allah. Idan takardata ta fari ta same ka, ka yaga ta. Na ɗauki alhakin bawan Allah, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ranar Litinin Alhaji Bakir ya faɗi a hanyar Tan'im. Masu raƙuma ne suka tsinto shi suka kawo shi gida. Yana ta magana cikin zazzaɓi ba mai ji, sai na tuna da Ammi Nizam, mutumin Bukhara mai gasa gurasa a bakin layinmu. Yana zuwa ya yi masa Rashanci, Alhaji ya buɗe ido ya kama hannunsa ya ƙi saki. Da ya sami sauƙi na zauna a bakin ƙofa na ce, "Ya ammi, tambaye shi takardun nan na mene ne." Ga abin da ya faɗa, Ammi Nizam yana juya mini da Larabci.

Ƙasarsu sunanta Belarus, can ƙarƙashin Rasha, ƙasar daji da dusar ƙanƙara. Su Musulmi ne 'yan kaɗan, Tatar ake ce musu, ɗaruruwan shekaru suna zaune da Kiristoci. Yarensu suke rubutawa da baƙaƙen Larabci, yadda muke ajami. Sunan ƙauyen ya fi ƙarfin bakina. Shi majemi ne.

Shekara goma da suka wuce, sojojin Jamus suna riƙe da ƙasar. Tun kafin nan sun kwashe Yahudawan garin da suke cin kasuwa, sun harbe su a bakin rami, har da mutumin da yake sayen fatunsa. Wata safiya ya shiga daji da doki ɗebo itace. Sojoji suka kewaye ƙauyen, wai mutanensa suna ba mayaƙan daji abinci. Suka tara kowa, tsofaffi da mata da yara, Musulmi da Kirista, a babban rumbun katako da ake ajiye ciyawar dabbobi. Suka kulle, suka sa wuta. Wanda ya fasa katako ya fito, bindiga tana jiransa. Shi daga cikin daji ya hango hayaƙi, ya ɗauka gobara ce, ya taho da gudu zai taimaka a kashe.

Ya ce ƙauyuka da yawa aka yi wa haka a ƙasarsu, nasu ba shi ne babba ba. Ya ce, "Ba wanda aka yi wa wanka, ba wanda aka yi wa salla, ba kabarin da zan tsaya a kai."

Daga baya aka kama shi aka kai shi Jamus aikin dole. A can ya rubuta sunayen, kowa da sunan uwarsa, yadda limaminsu yake kiran mamaci a bakin kabari. Musulmin su hamsin da takwas. Ya yi alkawari idan Allah ya kawo shi Makka zai yi wa kowannensu umra. Gwangwani ɗaya na waɗanda ya yi wa ne, ɗayan na masu jira. Ya yi ashirin da ɗaya.

Na ce to Dawuda fa? Ammi Nizam ya yi dariya ya ce, "Ya bint, ai ya riga ya yi masa, tun washegari. Ya ce ba shi da abin da zai saka miki kunu da shi sai ƙafafunsa."

Yaya, na yi kuka har na gode Allah. Ni ina nan ina zarginsa da asiri, shi yana can cikin rana yana kewaya Ɗakin Allah saboda mijina. Ko ni ban yi wa Dawuda haka ba. Allah ne ya kawo mana mutumin nan gida, kuma ba zai bar ɗakin ba sai ranar da ya so.

Ramlatu


Misfala, Makka
11 ga Safar, 1373

Yaya Mukhtaru,

Muna lafiya, in dai lafiyar jiki ce. Takardarka da ta Wada jirgi ɗaya suka shigo, amma tasa ta riga tawa isa hannu.

Ranar Asabar ina ƙofar Harami da tallan ƙosai, Alhaji kuma ya ji ƙarfi ya koma Tan'im. Wada ya zo ya sami gida ba kowa. Ka san shi, in aka aike shi ba ya tambaya. Ya juye gwangwanayen biyu a murhuna, ya yi bismilla kamar yadda ka ce, ya tsaya har suka cinye. Na dawo na same shi a zaure yana jiran in yi masa sannu da aiki.

Ina cikin yi masa ihu Alhaji ya shigo da haraminsa. Ya ga gwangwanayen a yashe, ya dubi murhu. Ya durƙusa ya sa hannu cikin tokar, da sauran zafinta, yana laluba. Ko guntu bai samu ba. Da aka kira Ammi Nizam, abin da Alhaji ya ce kawai shi ne, "Wannan karon ma ba na gida."

Yau kwana biyar yana kwance fuskarsa na duban bango. Kunun ma sai ya huce a inda na ajiye. Na kai masa takarda da tawada na ce ya sake rubutawa. Ya rubuta goma sha uku ya ajiye alƙalami. Ya ce tun dukan da aka yi masa a ka a Jamus sunaye suke zille masa, shi ya sa ya rubuta su tun da sauran ƙwaƙwalwa. Fuskokin yana ganinsu, sunayen ne babu.

Na ji haushinka, ba zan ɓoye ba. Cewa na yi da ma a raba ni da su, irin maganar da mace take yi in ta tsorata. Ban ce a aiko mini da wuta ba. Amma ni na fara, ni na buɗe abin da ba nawa ba, ni na rubuta. Wada tun da ya ji labarin bai koma Nakkasa ba, yana zaune a zaure kamar an yi masa mutuwa.

Maganar kwana bakwai kuwa, ban gaya masa ba, ba kuma zan gaya masa ba. In korarsa za ka yi, ka zo da kanka ka kore mu tare.

Ramlatu


Bur Sudan
28 ga Safar, 1373

Ramlatu ƙanwata,

Ina gaishe ki, ina gaishe da baƙonmu, in zai karɓi gaisuwata. Takardunki biyu rana ɗaya suka zo. Na karanta ta fari ina addu'a Allah ya sa Wada ya yi nawa, na buɗe ta biyu na ga bai yi ba. Na karanta wa Sa'adatu, ta tashi ta bar mini wurin. Har yau ba ta dube ni da kyau ba.

Laifin nawa ne. Ke kin ji tsoro kin faɗa, ni na yanke hukunci daga bayan teku a kan mutumin da ban taɓa gani ba. Ki gaya wa Wada hannunsa ne kawai, wutar tawa ce. Ki sa Ammi Nizam ya roƙar mini gafara, kada ya gyara maganar, ya ce Mukhtaru mai gidan ne ya sa. Ɗakin nasa ne. Na kuma gode miki da kika ƙi bin maganata, ba kullum taurin kanki yake ɓata mini rai ba.

Ga wani abu, ko zai yi amfani. Mahaifina da ya tsufa, in ka ce ya lissafo mutanen unguwarsu ta Kano, ba ya wuce biyar. Amma in ka ce, "Baba, ka fito daga masallaci ka yi dama, gidan wa za ka fara tararwa?" sai ka ji su suna fitowa, har da mai awakin da ke cinye musu shanya. Kada ku ce da Alhaji ya tuna sunaye. Ku sa shi ya shiga ƙauyen ya bi ƙofa ƙofa.

In sun dawo, kada a bar shi ya ɗauka shi kaɗai da wannan tarin. Ki je wurin Malam Abdulganiyyu limaminmu, a raba wa jama'a. Na nemi hutu, sun ce sai an gama lodin auduga. Ina roƙo a ajiye mini ko suna ɗaya. In ya ce bai yarda mutanensa su bi ta hannuna ba, yana da gaskiya, ki gaya mini kawai.

Yayanki,
Mukhtaru


Misfala, Makka
19 ga Rabi'ul Awwal, 1373

Yaya Mukhtaru,

Gaisuwa da godiya. Muna lafiya, sanyi ya fara shigowa. Ka gaya wa Sa'adatu ta sassauta maka haka nan, ashe kan naka ba ɗaukar buhu kaɗai ya iya ba.

Dabarar Baba ta yi. Allah ya jiƙansa, ya kai ladan kabarinsa. Mun fito da Alhaji tsakar gida da hantsi, Wada ya ɗebo tsakuwa cike da kwano. Ammi Nizam ya rufe tandarsa ya zo. Na ce a tambaye shi, in ya fito daga masallacinsu, gidan wa ke dama. Can sai ya ɗauki kara ya ja layi a ƙasa, ya ce wannan hanya ce, nan rijiya. Ya ce gidan farko na ladan ne, mai gurguwar saniya. Ya ajiye tsakuwa biyar, sunaye biyar suka fito a jere, da na uwayensu. Ni ina rubutawa da ajaminmu, shi yana rubutawa da nasu, don kada a sake samun kwafi ɗaya tak a duniya.

Kwana huɗu muka yi muna bin ƙauyen. Wani gidan ya yi dariya, wai matar gidan ta fi kowa faɗa, har ya dube ni. Wani gidan sai mun tashi mun ba shi wuri. Gidajen maƙwabtansa Kiristoci ma bai tsallake ko ɗaya ba, ya faɗi sunayensu na rubuta a takarda daban. Su ba umra yake musu ba. Randa ya sa a ƙofar gida, kullum ya cika ta don masu wucewa, ya ce wannan ta maƙwabta ce. Na tambayi Malam Abdulganiyyu, ya ce shayar da mai ƙishi ba ya bukatar fatawa.

Hamsin da takwas ɗin nan duk sun dawo, Yaya, ba wanda ya ɓace. Malam ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a, kafin la'asar an wawashe waɗanda suka rage. Wada shi kaɗai ya ɗauki bakwai. Inna Mairama da tsufanta ta hau jaki ta je Tan'im saboda wata tsohuwa da aka ce ungozoma ce, wai sana'arsu ɗaya. Ni na yi wa mai faɗan nan. Da ka ga Takari a jere da harami, kowa yana ta karya harshe da sunan mutumin da bai taɓa gani ba, da ka yi dariya ka yi kuka. Matarsa da 'ya'yansa maza biyu shi ya yi musu da kansa, a kan jaki, don Malam ya hana shi tafiyar ƙafa. Ranar Talata aka gama. Ya zo ya tsaya a bakin madafa ya ce mini da Hausa, "Na gode." Wada ne ya koya masa. Na ce mu ne da godiya.

Saƙonka an faɗa masa yadda ka ce, ba a gyara ba. Bai amsa ba a ranar, ni kuma ban matsa ba. Da aka raba sunaye ban ga ya ware maka ba, sai na ɗauka amsar ke nan, ina ta tunanin yadda zan rubuto maka.

Amma akwai abin da na lura da shi tun ranar da muka iso gidansa, na ƙarshe a bakin daji. Tsakuwa huɗu ya ajiye, sunaye uku ya faɗa. Na ce wannan karon bakina zai jira hankalina. Jiya da safe shi da kansa ya aika a kira Ammi Nizam. Ya buɗe tafin hannunsa, ga tsakuwar.

'Yarsa ce. Kwananta biyar a duniya. Itacen da ya shiga daji ɗebowa na girkin sunanta ne. Bai taɓa rubuta mata takarda ba, don ba shi da abin rubutawa, kuma shekara goma bai gaya wa kowa akwai ta ba. Sunan da suka shirya shi da matarsa, ya ce ya bar shi can tare da ita, ba zai iya furta shi ba.

Ya ce, "Mai gidan nan ya roƙi ɗaya. Wannan ce ta rage, ita ce kuma ba zan iya ba. Ku gaya masa na yafe. In ya ɗaura harami zai yi niyya, ya kira ta da sunan da ya ga ya dace, na ba shi."

Malam ya ce ba laifi, kyautar lada ce. Tsakuwar tana wurina a ƙulle a bakin zane. Tarin Alhaji yana ƙaruwa, saboda haka kada ka jira auduga ta ƙare. Ka taho, Yaya, ka taho da suna.

Taubashiyarka,
Ramlatu